Inuwar giginya: dalilin da ya sa na sauka daga sakataren ƙungiyar unguwarmu

1/ Ranar Lahadin da ta wuce na ajiye muƙamin sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, bayan shekara 19. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Wasu na cewa ɓata mini rai aka yi, wasu na cewa na gaji da aikin lada. Wani dattijo ma cewa ya yi na gudu daga fagen fama. Bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk ƙungiyar taimakon al'umma da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, zalunci biyu take yi. Tana zaluntar iyalin mutumin, tana kuma zaluntar kanta. A unguwarmu ni ne mutum ɗayan nan, don haka ba labari aka ba ni ba.

3/ Sana'ata sayar da kayan gyaran mota, ina da shago a Ƙofar Ruwa nan Kano. Mata ɗaya, 'ya'ya biyar. A 2005 muka kafa ƙungiyar mu goma sha ɗaya, a kan tabarma a ƙofar gidan wani abokinmu, bayan ruwan sama ya rushe katangar gidaje uku saboda kwatar layinmu ta toshe.

4/ Da farko yashe kwata kawai muke yi kafin damina, kowa na ba da naira 200 a wata. Daga baya aiki ya yi ta ƙaruwa: gyaran maƙabarta, kai marasa lafiya asibiti, kuɗin jarrabawar marayu, sai kuma babba a cikinsu, neman jini ga masu haihuwa da yara masu sikila.

5/ Aka ce ni zan riƙe sakatare saboda ina da rubutu mai kyau kuma ba na ƙin ɗaga waya. Wai na wucin gadi ne kafin a yi zaɓe. Zaɓen da ba a yi ba ke nan sai bana. Duk shekara in na yi maganar, sai a ce "Haba Sakatare, wa zai iya in ba kai ba?" Ni kuma, gaskiya, maganar tana yi mini daɗi.

6/ Wannan daɗin shi ne tarkon. A ce maka in babu kai babu aiki, ka ji kanka ya yi girma. Ba ka lura cewa ma'anar maganar ita ce: mu za mu koma gida mu kwanta, kai ka tsaya a bakin ɗakin gwajin jini har ƙarfe biyun dare.

7/ Akwai wani labari da na daɗe ina ba mutane don in nuna amfanin ƙungiya. A 2010, wani dare ina asibiti ina neman jini ga matar wani maƙwabcinmu. Cajin wayata ya ƙare. A daren nan naƙuda ta kama mai ɗakina, cikinta na uku. Ta kira, ta kira, waya a kashe.

8/ Matar maƙwabci ce ta samo adaidaita sahu ta kai ta wani asibitin daban. Ta haihu, jini ya ɓalle mata. Kafin labari ya iso ni, 'yan ƙungiyarmu biyu sun riga sun je sun ba da leda biyu. Allah ya tashi kafaɗarta. Duk taron da na je sai na ba da labarin nan: kun ga, wanda ya taimaki wani, Allah zai taimake shi.

9/ Shekara goma sha huɗu ina ba da shi a haka. Sai kwanan baya, muna zaune da daddare, na sake ɗauko shi a gaban yara. Da suka tashi sai ta ce mini: "Malam, kai labarin ƙungiya kake bayarwa. Ni abin da na sani shi ne, ranar da na ga mutuwa da idona na waiwaya ban gan ka ba."

10/ Ba da faɗa ta faɗa ba. Ko muryarta ba ta ɗaga ba, tana ninke kayan yara ne ma. Wallahi na kasa cewa komai. Labari ɗaya, dare ɗaya, ni ina ta karɓar tafi da shi, ita kuma tana haɗiye shi duk lokacin da na buɗe baki.

11/ Hausawa na da sunan irina: inuwar giginya, na nesa ka sha. Duk wanda ya san giginya ya san dalili. Doguwa ce, ganyenta can sama, inuwarta can nesa take faɗawa. Wanda ya raɓe a gindinta rana ce ke dukansa. Unguwa ta sha inuwata shekara 19. Ku tambayi waɗanda suke gindin.

12/ 'Yata ta fari, lokacin tana aji biyar a sakandare, ta taɓa ce mini cikin wasa: "Abba, in ina son ganinka sai dai in rubuto wa ƙungiya takarda ko?" Muka yi dariya. Yanzu tana gidan mijinta. Shekarun da zan zauna in ji abin da ke ranta, a taron kwamiti na ƙarar da su.

13/ Abin da mu 'yan sa-kai ba ma son ji shi ne, lokacin da muke kyauta da shi ba namu ne mu kaɗai ba. Awa ukun da ka ba unguwa bayan isha'i, daga hannun wani ka ɗauko. Mace ce ta kwana da yaro mai zazzaɓi ita kaɗai. Kai aka yi wa addu'a a masallaci, ita ko sunanta ba a sani ba.

14/ Haka dukiya. Sau nawa na bar shago a hannun yaro na tafi bin gawa ko bin takardar asibiti? Sau nawa na cire kuɗi daga jari na cike giɓin kuɗin magani da niyyar ƙungiya za ta biya, ban rubuta ba, ban kuma tambaya ba? Ina kiran abin sadaka. Amma kuɗin makarantar yarana na cikin jarin nan.

15/ Abin dariya, rashin rubutun nan shi ya jawo mini zargi. Shekarar da na sauya babur, sai ga magana na yawo a majalisa wai Sakatare ya fara ci. Ni da ƙungiya ke ci! Na yi fushi sosai a lokacin. Yanzu na gane suna da hujja: kuɗin jama'a a aljihun mutum ɗaya, babu rasit, babu mai dubawa. Me kake so su ce?

16/ To wannan ɓangaren gida ne. Ɓangaren ƙungiya fa? Bara na kwanta rashin lafiya mako uku. A cikin makon farko aka kawo yaro mai sikila yana buƙatar jini mai wuyar samu. Mutum uku ne a unguwar ke da irin rukuninsa, kuma ni kaɗai na san su. Sunayen suna kaina, lambobin suna wayata.

17/ Sai da suka zo har gadon asibiti suka tashe ni, ana ƙara mini ruwa, na lalubo lambobin. An samu jinin, yaron ya rayu, alhamdu lillahi. Amma na kwana ina tunani: da a ce mutuwa na yi fa? Aikin shekara 18 da an binne shi tare da ni, yaron kuma Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya.

18/ Wato abin da nake ɗauka sadaukarwa, rabinsa rowa ce. Na riƙe komai, ban koya wa kowa ba. Samari sun zo da zafinsu, na ba su ɗaukar kujeru da raba takardar gayyata. Da suka ga babu wurinsu sai suka watse, mu kuma muka zauna muna cewa yaran yanzu ba su da kishi.

19/ Bari in kawo misali daga waje, don wani abokin cinikina ɗan Rotary ne kuma mun sha yin wannan muhawara da shi. Ni ba ɗan Rotary ba ne, kuɗin shigarsu ma ya fi ƙarfina, kuma na san yadda wasunmu ke kallonsu. Amma akwai abu ɗaya a tsarinsu da ya kamata mu tsaya mu duba.

20/ A 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya fara ƙungiyar da abokansa uku a Shikago ta Amurka. Suna yin taro ne bi da bi, yau a ofishin wannan, gobe a na wancan, daga nan sunan ya samo asali. Kulob ɗinsu na farko a Nijeriya a nan Kano aka kafa shi, a 1961.

21/ Abin da ya ja hankalina: shugabancinsu shekara ɗaya ne. Duk ranar 1 ga Yuli sabon shugaba ke hawa, daga ƙaramin kulob har shugaban duniya baki ɗaya. Kuma tun kafin ya hau an san wanda zai gaje shi, yana gefe yana koyo. Komai iyawarka, shekara ta cika ka koma cikin sahu.

22/ Da na fara jin haka cewa na yi, to ai babu aikin da zai ɗore. Sai ya tuna mini da shan inna. A 1985 suka ƙaddamar da shirin yaƙi da cutar. A 1988, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran abokan aiki suka shigo gadan-gadan, ana ƙiyasin yara 350,000 take shanyewa duk shekara a ƙasashe 125.

23/ Mu 'yan Kano mun san sauran labarin. A 2003 aka dakatar da rigakafin a jihar nan saboda zargin da ake yi wa maganin, sai a Yulin 2004 aka dawo da shi. A daidai wannan shekarar kuma shugaban Rotary na duniya lauya ne mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, ɗan Afirka na farko da ya riƙe kujerar.

24/ Shi ma shekararsa ɗaya ya yi ya sauka, rikicin garinsa ko gama lafawa bai yi ba. Aikin bai tsaya ba. An sha wuya, har an kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano a Fabrairun 2013, Allah ya jiƙan su. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

25/ Ban ce su kaɗai suka yi ba. Gwamnati, sarakuna, malamai, hukumomin duniya, da matan da suka bi gida-gida da akwatin ƙanƙara a rana, duk da su, kuma har yau ba a daina ɗiga wa yara ba. Abin da nake nunawa shi ne: daga 1985 zuwa 2020 shekara 35 ce. Shugabanni sun yi ta sauyawa duk shekara, alƙawarin bai sauya ba.

26/ Mu kuwa shugaba ɗaya, sakatare ɗaya, ma'aji ɗaya tun kafuwa. Ku duba unguwanninku. Ƙungiya nawa kuka sani da ta mutu ranar da aka yi jana'izar wanda ya kafa ta? Ko ranar da aka yi masa canjin wurin aiki? Allon suna kawai ke saura a bakin titi, rana na cin fentin.

27/ Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. Ku tuna aikin gayya a ƙauye. Ana sa rana, a yi shela, a taru a gonar mutum ɗaya, a yi noma da kiɗa, a ci abinci, kafin la'asar kowa ya kama hanyar gonarsa. Gayya tana da farko tana da ƙarshe. Ba a taɓa cewa mutum ɗaya ya bar gonarsa ta zama saura don ya yi ta noma ta mutane ba.

28/ A addini ma mun san ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salmanu ya kai ziyara ya tarar da matar gidan a hargitse, saboda mijin ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya yi barci, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu.

29/ In nafilar sallah da azumi ba su zama uzurin tauye haƙƙin iyali ba, taron kwamitin kwata ne zai zama? Mun iya kawo hadisan falalar taimakon mutane a wurin taro. Wannan ƙissar kuwa ban taɓa jin an karanta ta a taron wata ƙungiya ba.

30/ Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini. Dattijon da na ambata ya kira ni gefe ya ce: "Ɗan nan, masu aikin nan 'yan kaɗan ne. In irinku suka ja baya, wa zai tashi cikin dare?" Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Gaskiya ne mutum goma ke magana, biyu ke aiki.

31/ Amsar da na ba shi: "Baba, sun yi kaɗan ne saboda mun sa aikin ya zama abin tsoro." Duk saurayin da ya kalle ni ya ga abin da zama ɗan ƙungiya ke nufi: babu dare, babu rana, shago a rufe, gida a bar wa Allah. Wane mai hankali zai sa hannu? Ka ce masa awa biyu a mako, ka ga ko ba zai zo ba.

32/ Wasu kuma sun ce sababbin za su yi kuskure. Za su yi mana. Ni ma na yi, babu dai wanda ya kama ni ne saboda babu mai dubawa. Gara su yi kuskuren yanzu ina raye ina unguwar, su ƙwanƙwasa ƙofa su tambaya, da su yi shi bayan an dawo daga kai ni.

33/ Kafin in sauka mun zauna mun rubuta ƙa'idoji, ga su ko za su amfani wata ƙungiyar. Na ɗaya: kowane muƙami shekara biyu, sau biyu iyaka. Kowane mai muƙami yana da mataimaki matashi da zai gaje shi, kuma dole ya riƙa tafiya da shi duk inda za shi.

34/ Na biyu: kuɗi ba ya kwana a aljihun kowa. Asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, sai biyu sun sa a fitar. Duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Wanda ya kashe na aljihunsa ya kawo rasit a biya shi, in kuma sadaka ya yi a rubuta sadaka ce.

35/ Na uku: masu ba da jini suna cikin littafi, da rukuninsu da ranar da suka bayar na ƙarshe, don namiji sai ya yi wata uku kafin a sake ɗiba. Littafin yana hannun mutum uku, da izinin masu sunayen. Kiran dare kuma an raba shi mako-mako, waya ɗaya ce ke zagayawa. In ba makonka ba ne, kwanta ka yi barci.

36/ Na huɗu, wanda aka fi yin gardama a kansa: taro awa ɗaya da rabi, a tashi ko an gama ko ba a gama ba. Kuma duk wanda matarsa ta shiga watan haihuwa, ko yake da majinyaci a gida, an cire shi daga aiki har sai ya dawo da kansa. Ba alfarma ba ce, doka ce. Ni na kawo wannan, kun san dalili.

37/ Na biyar: matanmu suna da kujera biyu a kwamiti. Shekara 19 su ke dafa abincin ranar yashe kwata, su ke sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba tun kafin mu ji, su ke raka masu naƙuda. Aikin suna yi tun tuni, shawarar ce ba a taɓa nema a wurinsu ba.

38/ Ban bar ƙungiya ba fa. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, za ku gan ni a kwata da shebur kamar kowa. Jinina ma yana nan, in makon ya zo a kira ni. Abin da na ajiye shi ne zama wanda in babu shi babu aiki. Sabon sakatarenmu shekararsa 29, ya fi ni iya kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma ya fi ni iya cewa a'a.

39/ Ban yi nadamar aikin ba. Akwai yaran da muka biya wa kuɗin jarrabawa, yau suna aiki suna riƙe da iyayensu. Akwai matan da ke raye saboda ledar jinin da wani ya bayar cikin dare. In aka dawo da ni 2005 zan sake zama a kan tabarmar nan. Sai dai a shekara ta huɗu zan miƙa littafin ga wani, in koma gida da wuri.

40/ Kai da kake riƙe da wata ƙungiya yanzu, ta unguwa ce, ta masallaci ce, ta tsofaffin ɗalibai ce, ga gwaji biyu. Kashe wayarka mako guda ka ga ko aikin zai tafi. Sannan ka tambayi mai ɗakinka, ba a gaban yara ba, me aikin nan ya ci mata. Kada ka katse ta, kada ka kare kanka.

41/ Ni sai da na shekara 19 kafin in ji amsar, kuma ba ni na tambaya ba. Juma'ar nan in Allah ya kai mu zan rufe shago bayan masallaci in kai ta gaishe da mahaifiyarta, alƙawarin da nake ta ɗagawa tun ƙaramar salla. Wanda ke neman jini ya kira wayar ƙungiya, akwai mai ɗagawa. Allah ya karɓi ɗan abin da muka yi, ya yafe mana haƙƙin na gindin giginya.